Wurare biyar da muka kwana da motar RV a Teton, Yellowstone da Glacier, harda wanda ba zan koma ba

Tunda muka dawo mutane ke ta tambayata wai a ina muka riƙa kwana kuma wane wuri yafi, to gashi na zauna zan faɗa gaba ɗaya dan gaskiya na gaji da maimaitawa. Ni da uwargida da yara uku ne, ƙarshen watan Agusta, cikin motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki wadda ake kira RV. Haya muka ɗauko a Salt Lake City muka nausa arewa zuwa Grand Teton, muka ratsa Yellowstone, muka ƙare a Glacier can bakin iyakar Kanada, dukkansu gandayen daji ne na gwamnatin Amurka. Sansani biyar muka sauka, huɗu a cikin gandun dajin, ɗaya na ɗan kasuwa a waje.

Abu na farko da ban sani ba sai da na fara neman wuri, ashe ba kai ke zaɓan sansani ba, tsawon motarka ne ke zaɓa maka. Madam da yara sun so mu ɗauki ƙatuwar nan mai ƙafa 32 saboda tana da ɗaki a baya da ƙofarsa, ni ma raina ya biya ba ƙarya, sai da na shiga Recreation.gov, shafin da ake kama yawancin wuraren kwana na gwamnati, naga kowane fili an rubuta iyakar tsawon da zai ɗauka, ina saka 32 rabin wuraren suka ɓace daga allo. Signal Mountain da ke Teton misali ƙafa 30 ne iyakarsa, Jenny Lake kuwa da kowa ke yabo ba'a ma shiga da RV sam, na masu tanti ne kaɗai. Haka muka dawo kan mai ƙafa 25. Kuma dan Allah ka auna da kanka ranar da ka karɓa, tun daga bamba na gaba har ƙarshen duk abunda ke maƙale a baya, tamu a takarda 25 ce amma da marataya kekuna da muka sa ta kai kusan 27, su kuma masu gandun daji abunda ke ƙasa suke aunawa ba abunda ke takarda ba.

Maganar kama wuri, wata shida kafin ranar da kake so suke buɗewa, ƙarfe 10 na safe agogon gabashin Amurka. Wato mu da muke son ƙarshen Agusta tun ƙarshen Fabrairu nake zaune gaban kwamfuta da katin banki a hannu. Shafin kam ba laifi, akwai hoton yawancin filayen, akwai taswira, zaka ga ko kusa da banɗaki ne ko can ƙurya, amma mutane sun yi yawa, wuraren da ke da kyau cikin 'yan mintoci ake wawashe su. Ranar farko na tsaya ina kwatanta lamba kaza da lamba kaza kaman mai zaɓen yadi, kafin in danna duka biyun sun tafi. Washegari na rubuta lambobi biyar a takarda tun da dare, ƙarfe 10 na bugawa na danna na farko ban ko duba ba, na samu. Wani abu kuma da ya kamata a sani, katin nan na shekara mai suna America the Beautiful da na saya dala 80, kuɗin shiga ƙofa kawai ya ɗauke maka, kuɗin kwana daban ne.

Gros Ventre muka fara sauka, kwana uku. Wai "gro bant" ake faɗa, sunan daga Faransanci yake, ni kuwa kwana biyu ina kiran abuna yadda aka rubuta har sai da wata mai aikin ƙofa ta gyara min tana dariya. Shine mafi girma a Teton, a kudancin gandun kusa da garin Jackson, a bakin kogi cikin dogayen itatuwa. Daga Salt Lake City kusan awa biyar ne ko fiye da irin wannan mota, kuma mun bi ta garin Alpine gefen kogin Snake da gangan, dan hanyar Teton Pass gangarenta ya kai kashi 10 cikin ɗari, wanda yau ya fara riƙe sitiyarin gida mai taya bashi da abun nema a can.

Filinmu babu wuta babu ruwa, akwai wasu 'yan filaye masu lantarki amma tuni an kwashe. Ga wanda bai sani ba, abu uku ake jona wa RV in wuri cikakke ne, wayar wuta, tiyon ruwa, sai bututun da ke fitar da ƙazanta. In babu su to da abunda ka shigo zaka rayu, ruwan tankinka da batirinka da gas ɗinka. Ni na ɗauka ai ba komai tunda hita da gas take aiki. Ashe fankar da ke hura ɗumin batir take ci, kuma ci ba na wasa ba. Dare na biyu sanyi ya sauko, wurin ya haura ƙafa 6,000 daga teku, rana zaka yini da riga ɗaya amma dare sai ka nemi bargo biyu, na murɗa hita sosai muka kwanta. Wajen ƙarfe uku sai naji wani abu yana ƙara ɗit ɗit ɗit ƙasan kujera, fanka ta tsaya, fitila ta koma ja kaman garwashi. Janareto kuma ba dama, an hana kunnawa da dare kuma da gaskiyarsu dan ga masu tanti nan kwance gefenka. Madam daga cikin bargo ko kai bata ɗago ba tace "Maigida, wai dama wannan ne hutun da ka ce?" Ban ce uffan ba na tashi na kwaso rigunan sanyi na lulluɓe yara.

Da safe wani dattijo Bature da ke filin gefe, shi da matarsa sun ce duk bazara a hanya suke yinta, ya leƙo ya duba ya ce laifina ne, in riƙa kunna janareto awa biyu da yamma cikin lokacin da aka yarda, in bar hita ƙasa ƙasa, sauran aikin bargo ne. Shi ya faɗa min ma janareto kansa ƙarfinsa raguwa yake a kan tsauni saboda iska ta yi siriri, kar in haɗa masa kaya da yawa lokaci guda. Tun daga nan bamu sake kwana cikin sanyi ba.

Amma duk da haka in ka tambayeni Gros Ventre ne na ɗaya a wurina, kuma safiyar da ta biyo wannan daren ce dalili. Na fito gari bai gama wayewa ba hannuna cikin aljihu ina jin haushin kaina, sai naga mutane uku tsaye shiru sun zuba ido waje ɗaya. Dabbar nan ce da suke kira mus, namiji, ya fi doki tsayi, ƙahonsa shimfiɗe kaman an ɗora masa manyan faranti biyu, yana tsinkar ganye tsakanin motoci hankalinsa kwance, numfashinsa na fita kaman hayaƙi. Na koma a hankali na taso yara muka kalla ta taga, autana ya manna hancinsa a gilashi yana raɗa "Abba kar ka yi motsi". Bayansa can nesa rana ta fara taɓa kan dutsen Grand Teton, ƙafa 13,775, ya yi ja ja. Wanda ya kwana otal a gari kafin ya karya ya shigo an gama wannan. Babu wurin wanka a sansanin, sai dai banɗaki da famfo da wurin zubar da tanki, dan haka wankan soja muka riƙa yi cikin mota, ka jiƙa ka kashe ka sa sabulu ka ɗauraye.

Daga nan Colter Bay RV Park, kwana ɗaya tak, kuma da niyya na tsara shi haka. Nan komai akwai, wuta, ruwa, bututu, ga wurin wanka ga injin wanki ga shago duk a ƙafa. Yawancin filayen ta gaba zaka shiga ta gaba ka fita babu ribas, wanda ya taɓa yin ribas da RV matarsa na baya tana ɗaga hannu bai gane me take nufi ba shi zai san daɗin wannan. Cikin itatuwa yake, 'yan mintoci ka taka zuwa bakin tafkin Jackson. Kuɗinsa kusan ninki biyu na wanda muka baro. A ganina wurin gyara jiki ne, ka cika batir, ka wanke kayan yara, kowa ya yi wanka mai kyau, ka wuce. Kwana uku a nan asarar kuɗi ne sai dai in kana da jariri ko tsoho ko mai injin numfashi da dole sai da wuta, to wannan kam kar ma ka yi shawara. Oxbow Bend na kusa, inda dutsen Moran ke fitowa cikin ruwa kaman madubi da sassafe.

A nan na fara zubar da tanki, aikin da ba wanda ke sakawa a hoto. Tanki biyu ne, na banɗaki da na ruwan wanke wanke. Safar hannu tukuna, ka tabbatar bakin bututun ya zauna daram a ramin, ka fara buɗe na banɗaki, ya gama ka rufe sannan ka buɗe na wanke wanke ya ɗauraye bututun. In ka juya tsarin kai da hancinka. Yara sun tsaya nesa suna min tafi.

Yellowstone kuma tsarinsa daban, manyan sansanoni biyar, Madison da Canyon da Grant Village da Bridge Bay da Fishing Bridge, lokacin da muka je ba a Recreation.gov ake kama su ba, a shafin Yellowstone National Park Lodges ne kuma su suna buɗewa tun da wuri fiye da wata shida, wannan ya kusa wuce ni. Fishing Bridge muka samu kwana uku, shi kaɗai ne a duk gandun ke da wuta da ruwa da bututu. Ba'a karɓar tanti ko tirela mai gefen tamfol, sai mota mai bango mai tauri, saboda yankin beyar ne irin manyan nan grizili. Ba'a hura wuta a waje, ba'a barin ko kwalbar miya a tebur, komai mai ƙamshi cikin mota. Dan haka in abunda ke ranka zaman hira bakin wuta ne da dare ba nan zaka nema ba, nan wurin ajiye mota ne mai tsabta da tsari, layi layi. Abun dariya gadar da aka sa wa wurin sunanta an hana kamun kifi a kanta tun 1973.

Tsayin wurin kusan ƙafa 7,800, kuma zaka ji a jikinka. Ranar farko kaina ya ɗan yi ciwo, hawa 'yan matakala sai haki, shinkafa kuma ta ƙi dahuwa a lokacin da aka saba dan ruwa a can tun bai yi zafin kirki ba yake tafasa, madam ta zata murhun ne ya lalace. Wata asuba na buɗe famfo zan yi alwala ko ɗigo babu, na fita da tocila na taɓa tiyon da na bari a jone waje ya sandare kaman sanda, a watan Agusta fa. Daga ranar sai in cika tanki da yamma in cire tiyo in naɗe.

Abunda ka biya kuɗinsa a Fishing Bridge shine kusanci. Kwarin Hayden na nan arewa kaɗan, ƙarfe shida mun isa, hazo kwance kan kogi, ɓaunayen nan da ake kira baison garke guda sun tare titi, wani ƙato ya wuce dab da madubinmu yana gurnani ina jin warin gashinsa. Doka ta ce yadi 25 tsakaninka da su, yadi 100 tsakaninka da beyar da kyarkeci, amma in su suka zo wurinka sai ka rufe gilashi ka yi shiru. Kafin tara mun dawo mun karya, lokacin ne waɗanda suka kwana a garuruwan waje suke shigowa cikin gosulo. Mutane na raina girman Yellowstone, titin da ya zagaye shi kaman lamba 8 mil 142 ne, gudu kuma baya wuce mil 45 a awa, ga dabbobi na tsayar da kowa. Zuwa Old Faithful, maɓuɓɓugar ruwan zafin nan mai tsartuwa sama, daga inda muke ya ci mana sama da awa ɗaya, ruwan kuma kusan duk minti 90 yake tsartuwa, in ka iso ya gama sai ka zauna jira. Wurin fakin RV da tsakar rana a wuraren da suka yi suna kuwa sai addu'a, wasu ƙananan hanyoyin ma an kafa allo ba'a shiga da RV. Da zan sake, kwana biyu zan yi a nan in yi ɗaya a Madison ko da babu wuta, dan in kwana kusa da maɓuɓɓugan ruwan zafi in riga kowa.

Sai wanda ba zan koma ba. Daga Yellowstone zuwa Glacier wuni guda ne cur a hanya, motar nan kuma shan mai take kaman an huda tanki, mil 9 a galan na lissafa, na san zamu iso a gajiye shi yasa na kama wani sansani na ɗan kasuwa a wajen gandun ta yamma, ba zan kama suna ba. Hotunansu a intanet duwatsu da ciyawa kore shar, muna isa filin tsakuwa ne an jera motoci kaman kifin gwangwani, in na buɗe taga zan iya miƙa wa maƙwabci gishiri. Bututun ƙazantar na gefe yana dab da teburin cin abincinmu. Wifi ɗin da suka yi ta talla sai ka je jikin ofis ka tsaya. Kuɗin da na gani a shafi ba shi na biya ba, an ƙara na kowane yaro. Duk wannan da sauƙi, abunda ba wanda ya faɗa shine layin dogo na bayan katanga, jiragen kaya dogaye masu tarago fiye da ɗari suna wucewa cikin dare suna busa, gado har rawa yake. Na ƙirga huɗu kafin asuba. Adalci dai, ruwan wankansu da zafi kuma banɗaki tsaf. Amma duk wanda zai kama wuri a wajen, ya buɗe taswira ta hoton sama ya duba ina layin dogo yake ina babban titi yake kafin ya biya, minti biyu ne.

Apgar ne na ƙarshe, kwana biyu, shine mafi girma a Glacier, kusa da ƙofar yamma. Babu inda zaka jona wuta a nan, amma yanzu mun zama 'yan gari, batir cike, tanki cike, hita ƙasa. Itatuwa sun rufe ko'ina, inuwa sosai, wanda ya dogara da sola sai ya yi lissafi. Da yamma mu taka zuwa bakin tafkin McDonald, ruwan garau kana ganin tsakuwa ja da kore da shuɗi a ƙasa, yara suka tsoma ƙafa suka fito da gudu suna ihu dan sanyi.

A nan maganar tsawo ta dawo ta same mu. Titin Going-to-the-Sun, wanda saboda shi ake zuwa Glacier, kusan mil 50 ne ya haye tsaunuka ta Logan Pass a ƙafa 6,646, kuma tsakanin wurare biyu a kan titin, Avalanche da Rising Sun, an hana duk motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo ko ƙafa 8 a faɗi harda madubi. Tamu ba ta shiga. Da na ga titin da idona ban yi musu ba, an sassaƙe shi ne a jikin dutse tun farkon shekarun 1930, gefe ɗaya dutse na leƙo maka gefe ɗaya rami. Abunda ya cece mu Apgar na kusa da tashar bas ɗin gandun, lokacin da muka je kyauta ce, muka bar RV a filinta muka bi layi tun da sassafe, aka canza mana zuwa ƙaramar bas a hanya har sama. Wannan kaɗai ya isa in ce mai babbar mota ya nemi Apgar. Daga Logan Pass muka taka hanyar katako zuwa inda ake hango tafkin Hidden Lake, muka ci karo da fararen awakin dutse suna kiwo ko kallonmu basu yi ba. Dokar tikitin shiga da ta bas tana canzawa shekara shekara, a duba shafin gandun kafin a tashi. In kuma kana son gabashin gandun da RV, wajen St. Mary, sai ka zagaya ta kudu ta babbar hanya mai lamba 2, sama da awa biyu.

Sabis na waya ba abun dogaro bane a wuraren nan huɗu na ciki, ka ɗauki hoton takardar kama wurinka ka sauke taswira tun kana gari. Itacen wuta a inda ka sauka zaka saya, basa son a ɗauko daga wata jiha saboda ƙwari. Gangare kuma da ƙaramar giya ake sauka, in ka ɗora ƙafa kan birki tun daga sama zaka ji ƙaurinsa kafin ka kai ƙasa.

Tafiya ta gaba gandun Rocky Mountain nake hari a Colorado, ina son hawa Trail Ridge Road da ya kai ƙafa 12,183, kuma na riga na faɗa a gida wannan karon ƙaramar mota zan ɗauka wadda bata wuce ƙafa 21 ba, wadda zata shiga ko'ina ta yi fakin ko'ina. Madam ta nemi in nuna mata hoton banɗakin ciki, ta kalla ta miƙo min wayar ta ce in haka ne ni da yaran mu je, mu turo mata hoto. Har yanzu dai ba'a rufe maganar ba, Fabrairu da saura.